Far Cry 2, Arkham Origins ko Ascension: wanne za ka ɗauka idan kuɗin faifai ɗaya ke aljihunka?

Ɗan yayata ya kira ni daga Marwa bayan sallar isha'i. Ya sayi PlayStation 3 ta hannu da kuɗin da ya tara a lokacin hutun makaranta, ya je wajen mai sayar da faifai a kasuwa, ya tarar an kwashe PES da GTA kakaf. Uku suka rage a cikin kwali: Far Cry 2, da Batman: Arkham Origins, da God of War: Ascension. Kuɗinsa na ɗaya ne kawai. Abokansa sun ce masa kada ya ɓata kuɗinsa, wai duk ukun su ne saniyar ware a cikin danginsu.

"Kawu, wai da gaske ne babu na kirki a cikinsu?"

Na ce masa ya ba ni zuwa gobe. Na yi shekaru ina riƙe da ƙaramin shagon wasa a nan Garwa, talabijin uku da benci biyu, kuma waɗannan faifan uku duk sun kwana a hannuna har na san inda kowanne yake ciwo. Abin da na gaya masa washegari shi nake rubutawa a nan, domin na san ba shi kaɗai ne ke tsaye gaban irin wannan kwali ba.

Da farko a san daga ina ƙyamar ta fito. Mutanen da suka yanke wa waɗannan wasanni hukunci sun saye su ne ranar da suka fito, a kan dala 60 ta Amurka, ba dalarmu ta sefa biyar ba, kuma sun saye su ne bakinsu na ɗauke da ɗanɗanon wanda ya gabata. Wanda ya gama Arkham City a 2011 ya zauna shekara biyu yana jiran abin da zai fi shi. Wanda ya ga Kratos, jarumin silsilar, ya rushe dutsen Olympus a God of War III a 2010 ba ya son a mayar da shi baya. Kai kuwa da ka tsinci faifan bayan shekara goma da ɗoriya, a farashin na hannu, ba ka bin kowa wannan bashin. Tambayoyinka daban ne. Idan wuta ta ɗauke me zan rasa? Kwana nawa zai ɗauke ni? Zan iya kunna shi ƙannena suna ɗakin? Yana buƙatar intanet? Da wannan ma'auni na auna su.

Bari in fara da Far Cry 2, domin shi ne aka fi zalunta, kuma shi ne ya fi shiga raina.

Kamfanin Ubisoft na Montreal ya fitar da shi a watan Oktoba na 2008, ƙarƙashin jagorancin Clint Hocking. Injin da aka gina shi a kai sunansa Dunia, kalmar da ba sai an fassara wa Bahaushe ba. Labarin yana faruwa ne a wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba, gwamnati ta rushe, ƙungiyoyi biyu masu ɗauke da makamai, UFLL da APR, suna yaƙi da juna. An turo ka ka kashe wani dillalin makamai da ake kira Jackal, wato Dila, wanda yake sayar wa ɓangarorin biyu bindigogi. Kana sauka, tun kafin ka harba harsashi ɗaya, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai a wani otal a garin da ake kira Pala. Ranar da na fara ganin sunan a talabijin sai da na kira wani abokina ɗan Cadi ya zo ya gani, domin duk wanda ya taɓa bin hanyar Figil zuwa Lere ya san akwai Pala ta gaske a gaba. Ta cikin wasan ƙirƙira ce, amma ƙasar da ke kewaye da ita ba baƙuwa ba ce a idonmu: jar ƙasa, busasshiyar ciyawa mai kai ƙugu, itatuwan kuka, tsofaffin motoci masu buɗaɗɗen baya, rana mai faɗuwa ja kamar garwashi. Masu yin wasan sun je Kenya a 2007 sun duba da idonsu, kuma aikin ya nuna. Faɗin filin ya kai murabba'in kilomita 50, an raba shi biyu, Leboa-Sako a arewa da Bowa-Seko a kudu.

Abubuwan da masoya silsilar suke zagi a cikinsa sanannu ne. Zazzaɓi yakan taso maka lokaci-lokaci, idonka ya yi duhu, dole ka haɗiyi ƙwaya, in ƙwayar ta ƙare kuma sai ka kai wa masu gudun hijira takardun tafiya kafin a ba ka wata. Bindigar da ka tsinta a hannun abokin gaba mai tsatsa ce, tana iya cijewa a tsakiyar faɗa, har ta fashe a hannunka. Taswira ba ta fitowa a gefen allo, takarda ce da kake zarowa ka riƙe a hannu kana tuƙi. Sannan ga shingayen hanya: ka share masu gadin shinge, ka yi gaba kaɗan ka dawo, ka tarar an zuba wasu sababbi.

Na ƙarshen nan aibi ne na gaske, ba zan kare shi ba. Yana gajiyar da mutum, musamman a rabin wasan na biyu. Haka kuma duk motar da ta hango ka sai ta biyo ka, ko da kana yi wa ƙungiyarsu aiki a lokacin. Muryoyin 'yan wasan ma suna sauri kamar ana korarsu. Amma sauran abubuwan da ake kira aibi, su ne ainihin wasan. Bindiga tana cijewa ne don ka koyi zuwa rumbun makamai ka ɗauki sabuwa kafin ka fita aiki, kuma duk wadda ka saya da lu'ulu'unka, wanda shi ne kuɗin cikin wasan, za ka riƙa samun sabuwarta kyauta a rumbun har ƙarshen wasa. Shingaye suna dawowa ne, sai ka koyi barin titi, ka bi kogi da kwalekwale, ko ka shiga motar bas, ko ka ratsa daji da ƙafa cikin dare. Wasan yana so ka yi shiri, sannan ya wargaza shirin ya ga yadda za ka yi. Ka hau tudu da bindigar hangen nesa, ka ƙirga mutum shida, ka harba roka, wutar da ta fito ta bayan bututun ta kama ciyawar da kake tsugune a ciki, iska ta juyo da ita kanka. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar daji a watan Janairu a hanyar Garwa zuwa Gaundare ya san yadda wuta take gudu a busasshiyar ciyawa, kuma ban ga wasan da ya kama wannan kamar Far Cry 2 ba, har cikin waɗanda suka biyo bayansa.

Akwai kuma abokan tafiya. In ka faɗi a fagen fama, abokinka yakan zo ya ja ka gefe, ya miƙa maka ƙaramar bindiga. In shi ya faɗi, kai za ka yi masa allura, wani lokaci allurar ba ta aiki, ya mutu a hannunka, kuma ba ya dawowa. Far Cry 3 na 2012, wanda kowa ke yabo saboda mugun cikinsa, Vaas, ya cire kusan duk wannan nauyin, ya mayar da kai jarumin da duniya ke yi wa hidima. Mutanen da suka shigo silsilar ta ƙofar na uku, in sun koma na biyu sai su ji kamar an ɗaura musu dutse. Daga nan yawancin zagin ya samo asali.

Wani abu ya daɗe yana damuna game da shi, kuma dole in faɗa. Ƙasar Afirka ce, amma da ƙyar za ka ga farar hula a hanya. Babu kasuwa, babu mata a bakin rijiya, babu yara. Kusan duk wanda ke motsi yana riƙe da bindiga. Mu da muka ga abin da rikicin Boko Haram ya yi wa garuruwan Arewa Mai Nisa tun daga 2014, mun san yaƙi ba ya share mutane daga ƙasa haka, a tsakiyarsu yake ci. Abin da ya sa ban jefar da faifan ba shi ne wasan bai ɗauki yaƙin abin alfahari ba. Ayyukan da ake ba ka ƙazamai ne, ka lalata bututun ruwa, ka rushe wurin haɗa magani, kuma babu wanda ke tafa maka. Kana gamawa kana jin ƙazantar a jikinka. Amma wanda gidansu ya ɗanɗana irin wannan, ba zan miƙa masa wannan faifan ba tare da na gaya masa abin da ke ciki ba.

Arkham Origins laifinsa na farko shi ne ba Rocksteady ce ta haife shi ba. Ita ta yi Arkham Asylum a 2009 da Arkham City a 2011, sai aka ba WB Games na Montreal wannan, ya fito ranar 25 ga Oktoba, 2013. Laifi na biyu, an canza muryoyi: Roger Craig Smith ya karɓi Batman daga Kevin Conroy, Troy Baker ya karɓi Joker daga Mark Hamill. Na uku, rabin birnin Gotham da ke cikinsa an ɗauko shi ne daga wasan baya aka zuba masa ƙanƙara. Ƙyamar ta kai har lokacin da aka sake fitar da tsofaffin wasannin a PlayStation 4 a 2016 da sunan Return to Arkham, aka bar shi a waje. Ma'ana, in kana da PS3, kana riƙe da ɗaya daga cikin 'yan na'urorin da za ka iya buga shi a kai.

Ka lura duk waɗannan laifuffuka uku ba su shafi wanda bai buga na baya ba. Batun murya ma, yawancin faifan da ke zuwa mana daga Turai suke, da Faransanci muke jin su, rigimar Conroy da Smith ba ta iso kunnenmu. Abin da ya rage shi ne wasan kansa, kuma wasan yana da kyau ƙwarai. Dare ɗaya ne, jajibirin Kirsimeti, Batman yana shekararsa ta biyu da fara aiki, matashi mai zafin kai da bai yarda yana buƙatar kowa ba. Black Mask ya sa dala miliyan 50 a kansa, makasa takwas suka shigo gari: Bane, Deathstroke, Deadshot, Copperhead, Firefly, Electrocutioner, Killer Croc da Shiva. 'Yan sanda ma farautarsa suke, Gordon, jami'in 'yan sandan da daga baya ya zama amininsa, bai amince da shi ba tukuna. A ganina labarinsa ya fi na City tsari, kuma wurin da Alfred, dattijon hadiminsa, ya tare Bruce, wato Batman, yana roƙonsa kada ya fita, kamar uba da ɗan da ya gagare shi, ya fi duk wata fashewar bam da ke cikin wasan taɓa zuciya.

Faɗan manyan abokan gaba kuwa, a nan ya fi 'yan'uwansa duka. Karon da ake yi da Deathstroke a cikin jirgin ruwan Penguin ba ya son gaggawa: in ka danna maɓallin karewa kafin lokaci ka sha sanda, in ka makara ka sha sanda. A shagona yara sukan yi layi a kan wannan faɗan kaɗai, mai kallo yana yi wa mai riƙe da manet, wato abin sarrafa wasan, ihu. Akwai kuma binciken wurin da aka yi kisa, inda kake mayar da abin da ya faru baya da gaba kamar kaset har ka gano inda harsashi ya fito. Wannan sabon abu ne da Origins ya kawo.

Aibinsa na gaske biyu ne. Safar hannu mai lantarki da kake samu a tsakiyar wasa tana sauƙaƙa faɗa fiye da kima, tana fasa garkuwa da sulke ba tare da dabara ba. Wanda yake son ya ji daɗin faɗan sai ya rage amfani da ita. Na biyu ya fi tsanani: ya fito da kurakurai. Wasan kan daskare, Batman kan faɗa ta cikin ƙasa, wasu ma ajiyarsu ta lalace. An yi masa faci, wato gyaran da ake saukewa ta intanet, an toshe manyan ramukan, ba duka ba. Gadar da ta haɗa ɓangarorin birnin biyu ma doguwa ce mai gundura, sai ka buɗe wuraren saukar jirgin Batwing kafin ka huta da ita.

God of War: Ascension ba zan daɗe a kansa ba, domin shi zagin da ake masa yana da ƙamshin gaskiya fiye da na sauran. Santa Monica Studio ta fitar da shi a watan Maris na 2013, PS3 kaɗai. Labarin ya koma wata shida bayan Ares, gunkin yaƙi na Girkawa, ya yaudari Kratos ya kashe matarsa da 'yarsa, yana neman warware rantsuwar jinin da ya yi, 'yan'uwa mata uku masu hukunta mai karya alkawari, Megaera da Tisiphone da Alecto, suna bin sa. Matsalar ita ce ka riga ka san inda zai ƙare, kuma waɗannan ukun ba su kai Zeus, babban abokin gabarsa a wasannin baya, cika ido ba. An kuma taɓa faɗan: ban da 'yan makaman da kake tsinta a hanya, babban makami ɗaya ne a hannunka daga farko har ƙarshe, wuƙaƙen nan masu sarƙa, sai dai ka sauya musu wuta ko ƙanƙara ko tsawa ko ruhohi, kuma mafi kyawun saran ba sa buɗewa sai ma'aunin fushi ya cika, da an taɓa ka kuma ya zube. Wanda hannunsa ya saba da na biyu da na uku zai yi kwana biyu yana jin kamar an sauya masa takalmi.

Duk da haka, wanda ya ce ba shi da daɗi bai yi adalci ba. A cikin ukun nan babu mai kyawun hotonsa. Kurkukun farko an gina shi ne a jikin wani ƙato mai hannu ɗari, ginin yana motsi yana juyewa kana faɗa a cikinsa. Hawan macizan ƙarfe zuwa Delphi, da sake tayar da gunkin Apollo a tsibirin Delos da layar da ke gyara abin da ya rushe, wurare ne da mai wucewa zai tsaya a ƙofar shago ya kalla. Sai dai gajere ne. A hannuna kwana uku ya yi, kuma rabin ƙoƙarin masu yin sa ya tafi ne ga wasan haɗaka ta intanet, abin da yawancinmu ba za mu taɓa ba.

Yanzu ga abin da masu sharhin Turai ba su auna ba, wato wuta. Ascension da Origins suna adana ci gabanka da kansu a kai a kai, in an ɗauke wuta minti kaɗan za ka maimaita. Haɗarin kawai shi ne ta ɗauke daidai lokacin da alamar adanawa ke juyawa a kusurwar allo. Far Cry 2 a PS3 ba haka yake ba: sai ka isa gidan fakewa ko wani wurin da aka tanada kafin ka adana. Na taɓa yin kusan awa ɗaya ina aiki guda, na ƙetare shinge uku, na gama, ina kan hanyar komawa fanka ta tsaya, talabijin ya mutu. Duk ya tafi. In unguwarku wuta ba ta zama, kuma babu batir ko injin da zai riƙe, wannan kaɗai ya isa ya sauya zaɓinka.

Sai intanet. Origins yana buƙatar a haɗa na'urar sau ɗaya a sauke facinsa kafin a fara, ko da ta wayar hannu ce, kuma ban ba kowa shawarar ya fara shi ba tare da haka ba. Ascension ma yana da wani wuri kusa da ƙarshe, Gwajin Archimedes, inda ake turo maka abokan gaba zango uku a jere. Da ya fito mutane sun yi kuka da shi har kamfanin ya sassauta shi ta hanyar faci, ya sa ana mayar maka da ɗan ƙarfi tsakanin zango da zango. Na'urar da ba ta taɓa ganin intanet ba tsohon gwajin za ta ba ka. Abin daɗi, faifan PS3 ba ya zaɓar yanki, na Amurka da na Turai duk suna aiki a kowace na'ura.

Zafi ma abin dubawa ne. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Marwa da Njamena ke haura digiri 40, tsohuwar PS3 mai kauri ta farko tana wahala, kuma a shagona Ascension ne ya fi sa fankarta kuka. Siririyar da ta fito a 2009 ta fi juriya. Ko wacce kake da ita, ka ɗaga ta daga ƙasa, ka bar mata iska ta baya, ka riƙa share ƙurar hunturu daga ramukanta.

Na ƙarshe, wa ke ɗakin? Ascension ba wasan falo ba ne. Ana fasa kai ana farke ciki a fili, akwai tsiraicin mata a wani wuri tun farkon wasan, kuma duk labarin a kan gumakan Girkawa yake, abin da wasu iyayen ba za su so a gidansu ba ko da an ce musu tatsuniya ce. Far Cry 2 na manya ne saboda nauyin abin da ke ciki. Origins akwai duka da karya ƙashi da wasu wurare masu tayar da hankali, amma Batman ba ya kisa, kuma shi ne kaɗai a cikin ukun da zan bari ɗan shekara sha shida ya buga ina zaune kusa.

Saboda haka na ce wa ɗan yayata ya ɗauki Arkham Origins. Bai buga City ba, don haka birnin sabo ne a wurinsa. Wutar unguwarsu ba ta da tabbas. Ƙannensa suna shiga ɗakinsa. Kuma bayan labarin ya ƙare akwai sauran ayyukan gefe da fagagen gwaji da za su riƙe shi har hutu ya ƙare. Wanda ya haura ashirin, yake da haƙuri da wuta mai zama, yake son wasan da zai yi makonni yana tunaninsa ko bayan ya kashe na'ura, ya ɗauki Far Cry 2, ni ma shi zan ɗauka wa kaina. Ascension na mai shago ne da ke son abin da zai tara 'yan kallo, ko wanda ya gama sauran God of War yana son ya cike giɓi. In kai ne wannan, ara ya fi saye.

Ya ce, "To Kawu, in mai faifan ya rage mini, in haɗa biyu?"

Na ce in ya rage, ya ƙara da Far Cry 2 ya ajiye shi sai ya gama jarrabawa. Na kuma ce kafin ya miƙa kuɗi ya juya bayan faifan a hasken rana ya duba tsaga kusa da ramin tsakiya, ya sa mai shagon ya kunna masa ya wuce allon farko har Batman ya shiga kurkukun Blackgate, sannan ya biya.